Kuloci da Filaiwil: Yadda Za Ka Sayi Mai Sauƙin Kuɗi Ba Tare da Ka Biya Sau Biyu Ba

Idan motarka mai giyar hannu ce, kuma wani ya riga ya more ta kafin ta zo hannunka, ko 'yar Kwatano ce ko a nan gida ka saya, akwai ranar da makanike zai dube ka ya ce, "Maigida, sai an sauke giyabos, kuloci ya tafi." Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai shago ya jera maka kwali uku ko huɗu, kowanne da kuɗinsa, wani ma ya ninka wani sau uku, kuma duk ya rantse maka za su hau motarka. To wanne za ka ɗauka? Kuma idan aka ce har filaiwil sai an canza, gaskiya ne ko dai ana so a ƙara maka lissafi ne?

Amsar tana cikin yadda waɗannan ƙarafa suke aiki. Idan ka fahimci hakan, za ka san inda za ka iya rage kuɗi lafiya lau, da inda ragewar za ta dawo maka da asara.

Me kuloci yake yi?

Injin mota ba ya iya tsayawa cak yana kunne. Ko kana tsaye a danja, yana juyawa kamar sau 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Tayoyi kuwa a tsaye suke. Saboda haka ana buƙatar abin da zai raba inji da giyabos idan ka tsaya ko za ka canza giya, ya kuma haɗa su a hankali idan za ka tashi. Wannan shi ne aikin kuloci.

Sassansa manya uku ne. Na farko faifai ne mai fata gaba da baya, wanda ake ce wa kuloci filet. Ba fatar dabba ba ce, haɗi ne na zare da danƙo da 'yan wayoyin ƙarfe da aka matse da zafi, kamar dai fatar birki. Tsakiyarsa na da haƙora da suke shiga sandar giyabos. Na biyu shi ne firesha filet, murfin ƙarfe mai sifirin mai yatsu kewaye, wanda yake matse faifan fatar a jikin filaiwil. Na uku shi ne rilis boris, wanda yake danna yatsun sifirin ɗin idan ka taka kuloci, sai matsin ya saki. A kasuwa za ka ji ana cewa "filet da dis", kuma ba kowa ne yake nufin abu ɗaya da kowane suna ba, don haka gara ka nuna da hannu.

Ka ɗauka kamar ka sa faifan tuwo tsakanin tafukanka biyu. Idan ka matse sosai ka juya hannu, faifan zai bi ka. Idan ka sassauta, hannunka zai juya shi kuwa yana nan. Tsakanin matsewa da sassautawa akwai wurin da yake zamewa yana bi kaɗan-kaɗan. A wannan wurin ne mota take tashi, kuma a nan ne fatar take cinyewa.

Ɗan lissafi da zai taimake ka

Ƙarfin murɗawar da kuloci zai iya riƙewa ya dogara da abubuwa huɗu da ake ninkawa da juna: yadda fatar take kamu, ƙarfin matsin sifirin, faɗin faifan, da yawan fuskokin da suke gogayya, wato biyu.

Bari mu sa lambobi don misali. Lambar kamun busasshiyar fata mai kyau tana wajen 0.3. A ce sifirin yana matsewa da nyuton 5,000, wato kamar an ɗora rabin tan a kan faifan. A ce daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar fatar santimita 9 ne. Idan ka ninka 0.3 da 5,000 da 0.09 da 2, za ka samu nyuton-mita 270. Injin Golf 3 mai lita 1.8 da ƙarfin doki 90 kuwa, ƙarshen murɗawarsa nyuton-mita 145 ne. Ka ga akwai rara, kuma da gangan injiniyoyi suke barin wannan rarar.

Yanzu a ce baƙin mai ya ɗiga a kan fatar, kamun ya faɗo zuwa 0.1. Lissafin ya koma 90, ƙasa da abin da injin yake bayarwa. Kuloci zai riƙa zamewa ko da jiya aka ɗaura shi. Haka kuma idan sifirin ya gaji ya rage matsi. Wannan lissafin ya nuna maka abu biyu da za su yi maka amfani a gareji: sabon faifai a ƙarƙashin gajiyayyen firesha filet rabin gyara ne, sannan idan ba a toshe yoyon mai ba, kuɗin da ka kashe ya bi ruwa.

Zafi ne yake kashe kuloci

Duk lokacin da faifan yake zamewa, ƙarfin injin da bai kai ga tayoyi ba zafi yake komawa. A ce kana kan hawa a gosulo, ka riƙe motar da rabin kuloci maimakon birki, injin yana juyi 1,500 a minti, kulocin yana ɗauke da nyuton-mita 50 kawai. Lissafinsa ya kusa wat 8,000, wato kamar dutsen guga takwas na lantarki a kunne cikin wurin da bai fi faranti ba. Ba a daɗewa danƙon da ya riƙe fatar zai fara ƙonewa. Warin nan da kake ji kamar ana ƙona roba, shi ne. Fatar da ta sha irin wannan zafi takan yi santsi da ƙyalli, kamunta ya ragu. Fuskar filaiwil kuma ta yi tabo shuɗi-shuɗi, wuraren da ƙarfen ya ƙeƙashe ya fi na kewayensa tauri.

Shi ya sa mota iri ɗaya, a hannun wani kuloci ya haura kilomita 100,000, a hannun wani kuma bai kai rabin haka ba. Motar haya da ake cika wa lodi har saman but, tana tsayawa tana tashi wuni guda, ba za ka haɗa ta da motar da ke bin doguwar hanya ba.

Shi kuma filaiwil fa?

Filaiwil faifan ƙarfe ne mai nauyi da aka ɗaure a ƙarshen karanshaf, a bayan inji. Ayyukansa uku. Gefensa na da haƙora da kik yake kamawa ya tada mota. Fuskarsa ita ce ɗaya daga cikin fuskokin da fatar kuloci take gogawa, kuma tana shanye zafi. Babban aikinsa kuwa shi ne daidaita juyin inji.

Inji ba ya bayar da ƙarfi a jere kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake bayarwa. A inji mai silinda huɗu, wuta tana tashi sau biyu a kowane juyi. A juyi 800 a minti, bugu kusan 27 kenan a daƙiƙa ɗaya. Filaiwil yana karɓar ƙarfi lokacin bugun, ya sake shi a tsakanin bugu da bugu. Idan ka taɓa lura da babbar ƙafar ƙarfen da ke jikin injin niƙa na dizal, aikinsu ɗaya ne.

Filaiwil iri biyu ne, kuma sanin wanda ke cikin motarka shi ne rabin lissafin kuɗinka.

Na farko dunƙulallen ƙarfe ne guda ɗaya. Babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka da wuya ya mutu. Irinsa ne a Golf 3 ta fetur, da Peugeot 504, da yawancin ƙananan motocin Japan na fetur masu giyar hannu. A irin wannan tsari, 'yan sifirin da kake gani kewaye da tsakiyar kuloci filet su ne suke rage girgiza kafin ta isa giyabos.

Na biyu shi ne mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙerawa a 1985. An raba nauyin gida biyu: ɓari ɗaya a jikin inji, ɗayan yana ɗauke da kuloci. Tsakaninsu akwai dogayen sifirin masu lanƙwasa a cikin giris, don haka ɓari ɗaya yana iya gocewa ɗan'uwansa kaɗan ya dawo. Dogon sifirin mai laushi yana shanye bugun injin fiye da 'yan gajerun da ke jikin faifai. Wannan ne ya ba masu ƙera motoci damar yin injunan dizal masu ƙarfin murɗawa sosai, waɗanda za ka tuƙa a ƙaramin juyi ba tare da giyabos yana kaɗawa ba. Za ka same shi a yawancin motocin dizal na Turai tun daga ƙarshen shekarun 1990, irin su Golf 4 da Passat masu injin TDI, da kuma wasu na fetur masu babban inji.

Matsalarsa ita ce shi ma yana ƙarewa. Sifirin ɗin yana gajiya, giris yana bushewa saboda zafi, boris ɗin tsakiya yana sakin jiki. Kuma sau da yawa kuɗinsa shi kaɗai ya fi na kuloci gaba ɗaya.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka tabbatar da ciwon

Ba duk matsalar shiga giya ba ce take buƙatar sauke giyabos. Ga yadda alamomin suke rabuwa.

Idan kana tafiya a giya ta huɗu a ƙaramin gudu, ka danna totur sosai, sai ka ji injin ya yi ƙara, allurar juyi ta hau, amma motar ba ta ƙara gudu daidai da haka ba, kuloci yana zamewa. A motoci masu waya, a fara duba ko an ɗaure wayar ta yi tsauri fiye da kima, domin hakan ma yana hana kuloci kamawa duka.

Idan giya tana ƙin shiga ko tana gurzawa, musamman ribas, amma da ka kashe mota sai ta shiga sumul, kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Wannan sau da yawa daga waje ne: waya ta miƙe, ko mai ya ragu, ko iska ta shiga layin, ko robar masta ta lalace. Gyaran waɗannan ba ya buƙatar taɓa giyabos, sai a motocin da aka haɗa silindar ƙasa da rilis boris a ciki.

Idan motar tana karkarwa lokacin tashi, ana zargin mai a kan fata, ko tabon zafi a filaiwil, amma a duba robobin da suka riƙe inji tukuna, domin idan sun yage su ma suna kawo haka, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba.

Idan ƙara tana fitowa sai ka taka kuloci, rilis boris ne. Idan kuwa ƙarar tana nan mota na tsaye ba giya, ta ɗauke da ka taka, ko dai boris ɗin cikin giyabos ne ko filaiwil mai ɓari biyu. Ƙwanƙwasar ƙarfe a daidai lokacin tada mota ko kashe ta, wannan alama ce da aka san filaiwil mai ɓari biyu da ita.

Abin da za ka tarar a kasuwa

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kamfanonin mota ba su cika ƙera kuloci da kansu ba. Saye suke yi daga kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su LuK da Sachs na Jamus, Valeo na Faransa, da Aisin da Exedy na Japan. Idan aka sauke na motarka, ka goge jikin firesha filet ka duba, sau da yawa za ka ga tambarin ɗaya daga cikinsu. Kaya daga kamfani ɗaya ne a kwalin kamfanin mota da kuma a kwalin maƙerin, amma na biyun yakan fi sauƙin kuɗi. A nan ne araha ta gaskiya take.

Sai kuma kayan da ba a san maƙerinsu ba, da jabu da aka sa wa sunan manyan kamfanoni. Daga waje suna kama da na gaske. Bambancin yana wuraren da ido ba ya gani: haɗin fatar, yadda aka gasa ƙarfen sifirin don ya riƙe ƙarfinsa, da daidaiton nauyi don kada ya yi girgiza a babban juyi. Abin da za ka iya dubawa shi ne lambar kaya da tambari a buge a jikin ƙarfen kansa, ba a kwali kaɗai ba. Ka duba yatsun sifirin, su zama tsayinsu ɗaya. Ka girgiza faifan, kada ka ji sifirinsa suna kacau-kacau. Idan kuma an ba ka "orijina" a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da sauran shaguna suke faɗa, ai ka san amsar da kanka.

Na uku shi ne na hannu, wanda ake ce wa ɗan Beljiyam, da aka ciro daga motocin da aka farfasa a ƙasashen waje. Mutane da yawa sun fi yarda da shi saboda tsoron jabu, kuma tsoron yana da dalili. Amma ka tuna kuloci abu ne mai cinyewa kamar sabulu. Kaurin fatar gaba ɗaya 'yan milimita ne, kuma abin da za a iya cinyewa kafin a kai ga ƙusoshin da suka riƙe ta bai taka kara ya karya ba. Idan shi za ka saya, ka duba zurfin ramin ƙusoshin: idan kawunansu sun kusa daidai da fuskar fatar, ya gama yayi. Ka guji mai alamar mai, ko shuɗin ƙuna, ko wanda rilis boris ya ci rami a bakin yatsunsa. Ka ɗauki faifai da firesha filet da suka fito daga mota ɗaya. Rilis boris kuwa ka sayi sabo, domin ba shi da tsada.

Na huɗu shi ne sake wa tsohon faifai fata. Ya fi komai araha, amma sifirinsa da haƙoran tsakiyarsa duk tsofaffi ne, kuma idan fatar ba ta zauna daidai ba mota za ta riƙa karkarwa.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ka yi. Kuɗin sauke giyabos da mayarwa ɗaya ne, ko wane iri aka saka. Mu ƙaddara, don misali kawai, kuɗin aiki da man giya naira 40,000 ne, mai araha 50,000, mai kyau 110,000. Na farko ya tsaya maka a 90,000, na biyu a 150,000. Idan mai arahar ya yi kilomita 20,000, mai kyan ya yi 80,000, to kowace kilomita 1,000 ta ci maka naira 4,500 a na farko, ƙasa da 1,900 a na biyu. Ba a ma sa kwanakin da motar za ta yi a gareji ba, wanda ga mai haya shi ne babbar asara. Ka sa farashin yau na garinku a wannan lissafi ka gani. Bahaushe dai ya ce araha ba ta ado.

Wani abu kuma da ake tallatawa a intanet shi ne kuloci na tsere, mai fatar tangaran, da filaiwil mara nauyi. Ga motar zuwa aiki da kasuwa, ɓata kuɗi ne. Irin wannan fata kamu take yi farat ɗaya, tana kuma cin fuskar filaiwil. Filaiwil mara nauyi kuma yana sa mota saurin mutuwa wajen tashi, musamman da lodi.

Filaiwil: a bari, a gyara fuska, ko a canza?

Idan dunƙulalle ne, yawanci ba ka buƙatar sabo. Idan fuskarsa sumul take, gogewa da wankewa sun isa. Idan akwai zane mai zurfi ko tabon ƙuna, masu injin gyaran ƙarfe za su iya share fuskar. Sai dai wasu filaiwil suna da ɗan tudu ko rami tsakanin inda fata take zama da inda ake ɗaure firesha filet. Dole a share wuraren biyu daidai da juna, in ba haka ba matsin zai canza, sabon kuloci ya riƙa zamewa ko ya ƙi saki. Idan akwai tsaga mai zurfi, musamman kusa da ramukan noti, a jefar da shi. Ƙarfe mai nauyin kilo da yawa yana juyi dubbai a minti ba abin wasa ba ne idan ya fashe. Dunƙulallen filaiwil na hannu mai lafiya kuwa ba laifi a saya, a nan kayan Beljiyam suna da rana.

Mai ɓari biyu ba a share masa fuska. Gwada shi ake yi. A juya ɓarin waje hagu da dama da hannu a ƙirga haƙora nawa yake wucewa kafin sifirin ya tare shi, sannan a gwada ko yana lilo gaba da baya. Ɗan motsi ba laifi ba ne, haka aka yi shi, kuma kowane maƙeri yana da iyakar da ya sa wa kowace lamba. Amma idan giris yana fitowa, ko ɓarin yana juyawa sakaka, ko ya ƙame ƙam, ko ana jin ƙarfe yana gurzar ƙarfe, ya mutu. Idan kuma motar ta yi tafiya mai nisa a kansa, ka sani da wuya ya raka sabon kuloci har ƙarshen rayuwarsa. Na hannu a nan caca ce, domin ba ka ganin cikinsa.

Akwai hanya ta uku: a cire mai ɓari biyu a sa dunƙulalle. Kamfanoni irin su Valeo suna sayar da cikakken saiti na wannan canji ga motoci da dama. Ribar ita ce ba za ka sake sayen filaiwil ba. Abin da za ka sadaukar shi ne laushi: za ka iya jin kaɗawar giya idan mota na tsaye, da ƙarin girgiza a ƙaramin juyi, kuma bugun da da ake shanyewa yanzu giyabos ne zai ɗauki wani kaso nasa. Ga tsohuwar mota mai matsakaicin ƙarfi, mutane da yawa suna ganin cinikin ya yi. Ga dizal mai ƙarfi sosai, gara a mayar da irin wanda aka cire. Sharaɗi ɗaya da ba a tsallakewa: saitin ya zo a haɗe. Faifan da aka yi wa filaiwil mai ɓari biyu yawanci ba shi da manyan sifirin a tsakiya, domin filaiwil ne ke wannan aikin. Idan aka ɗora shi a kan dunƙulalle, babu mai shanye bugu ko ɗaya, giyabos ne zai sha duka. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Ka tabbatar na motarka ne

Sunan mota da shekara ba su isa ba. Mota ɗaya tana iya zuwa da injuna da giyabos iri-iri. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana taimakawa, amma a nan inda ake yawan sauya inji da giyabos, abin da ke cikin motar ba lallai ne ya zama wanda ta fito da shi daga kamfani ba. Hanya mafi tabbas ita ce a sauke tsohon a tafi da shi kasuwa. A auna faɗin faifan, domin milimita 200 da 210 da 228 a ido kusan ɗaya suke. A ƙirga haƙoran tsakiya, a gwada sabon faifan a kan sandar giyabos a ga yana shiga yana zamewa ba sakaka ba. A kwatanta ramukan noti da tsayin rilis boris. Ka kuma yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa idan bai hau ba za a canza maka, ka karɓi rasit.

Ranar ɗaurawa

Kaya mai kyau yana lalacewa a hannun mai gaggawa, don haka ka tsaya a wurin idan da hali. Tunda an riga an buɗe, a duba oyil sil na bayan karanshaf da na sandar giyabos, a canza idan akwai damshin mai. Masu Golf 3 su lura da wannan: a yawancinsu tsarin a juye yake, firesha filet ne ke jikin karanshaf, kuma wata siririyar sanda ce take bi ta tsakiyar sandar giyabos ta saki kuloci. Akwai ɗan ƙaramin sil a kanta, idan ya mutu man giya yana bin sandar ya zuba kai-tsaye a kan fata. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ya kashe kuloci da yawa.

A wanke man hana tsatsa da ke fuskar sabon firesha filet. Giris a haƙoran sanda ɗan shafe kawai, domin idan ya yi yawa juyi zai watsa shi kan fata. Faifan yana da gaba da baya, a kayan Jamus za ka ga an rubuta Getriebeseite, ma'ana ɓangaren giyabos. A saita shi a tsakiya da sandar saiti, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan a gicciye, da sifana mai auna ƙarfi. Notunan filaiwil na motoci da yawa sau ɗaya ake amfani da su, saboda suna miƙewa idan aka ɗaure. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifan lokacin shigarwa, kuma kada a jawo shi da noti idan ya ƙi zama, hakan yana lanƙwasa faifan tun bai fara aiki ba.

Ga wata magana ta lafiya, musamman ga yaran gareji. A da ana sa asbestos a fatar kuloci da ta birki, wani ma'adini mai siraran zaruruwa da aka tabbatar yana jawo cutar daji idan ana shaƙarsa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma ba duk ƙasashe ne suka hana ba, don haka tsofaffin kaya da waɗanda ba a san asalinsu ba suna iya ƙunsarsa. Kada a hure ƙurar cikin kwanon giyabos da iska ko da baki. A jiƙa tsumma a goge.

Bayan an ɗaura

Sabuwar fata tana buƙatar 'yan ɗaruruwan kilomita na tuƙi a hankali kafin ta zauna daidai da fuskokin ƙarfe, don haka a ɗaga wa lodi mai nauyi da fizgar mota ƙafa a makonnin farko. Daga nan kuma sai halin tuƙi: ka sauke ƙafa daga kan kuloci da zarar ka canza giya, ka cire giya idan tsayuwar za ta daɗe, ka riƙe mota da birkin hannu a kan hawa, ka tashi da giya ta ɗaya. Idan filaiwil ɗinka mai ɓari biyu ne, ka daina jan mota a babbar giya injin yana kakkarwa, kuma ka gyara inji da wuri idan yana tsallake wuta, domin bugun da ba daidai ba shi ne yake gajiyar da sifirinsa.

Idan aljihu ya yi ƙasa, ga yadda za ka jera abin: cikakken saiti na faifai da firesha filet da rilis boris daga maƙerin da aka sani shi ne farko, sai sil ɗin mai, sannan filaiwil gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Idan dole sai an rage wani abu, a rage a dunƙulallen filaiwil, a gyara fuskarsa ko a sayi na hannu. Abin da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne duk wani ƙaramin kaya da canza shi zai sa a sake sauke giyabos.